Dutsen Kan Kifi a Gindin Rijiya

Ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini magana. In kin ga ina hawaye ki ƙyale ni, ke dai kada ki ajiye alƙalamin. Na fi shekara hamsin ina wannan kukan, ba yau zai kashe ni ba.

Mijina, kakanki, mahaƙin rijiya ne. Ya mutu mutanen unguwarmu suna ce masa matsafi, kuma ni na miƙa musu shaidar da hannuna. Wannan shi ne abin da nake so a rubuta. Sauran duk hanya ce ta zuwa wurin.

Ni ba 'yar birni ba ce. A bakin kogi aka haife ni, gabas da Kano, gidan masunta. Tun ban isa ɗaukar tulu ba nake fasa kan kifi. A cikin kan kowane kifi, can bayan ido kusa da ƙwaƙwalwa, akwai 'yan duwatsu farare, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Na karfasa ƙanana ne, in ba ki kula ba sai ki haɗiye. Na giwan ruwa kuwa ya kai farcen babban yatsa, gefe ɗaya sumul, gefe ɗaya da tsaga kamar an ja masa layi da allura. Tsofaffinmu suna cewa da su kifi yake ji. Uwata ba ta taɓa jefa kan kifi a miya ba sai ta cire su, don kada su fasa wa mutum haƙori. Ranar da na manta na bar ɗaya, ranƙwashin da na sha har yau ina tuna wurin.

Kakanki ya zo garinmu haƙa wa wani falke rijiya, ya gan ni, ya nema, aka ba shi. Ni ma ina so. Aka kawo ni gidansu na gado a gindin Dala. Wansa ne yake da sashen gaba, mu muna can ƙurya. Wan nan ɗinkin hula yake yi, yana da rumfa a kasuwar Kurmi, kuma in liman bai fito ba shi yake jan salla a ɗan masallacin ƙofar gida. Ina ce masa Yaya. Shekara goma sha biyar muna gida ɗaya, ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba, ban taɓa yi masa magana ba sai gaisuwa, ita ma a durƙushe. Haka tarbiyyar take.

A lokacin famfo ya shigo birni, amma bai shigo lungunmu ba. Kowane gida da rijiyarsa. Ku yaran yanzu ba ku san matsayin mahaƙin rijiya ba. Shi ne namijin da yake shiga har tsakar gidan mutane, inda mata suke, ya yini a ciki yana haƙa ko yana yasa. Ba kowa ake bari ba. Jarinsa duka abu uku ne: dagi, igiya, da yardar da aka yi masa. In dagi ya karye maƙeri yana nan. In igiya ta tsinke a sayi wata. Ta ukun ce ba a sayarwa a Kurmi.

Bai yi karatu mai zurfi ba, ya dai san abin salla. Ba ya rubutu. Amma yana da wata hanya tasa. Duk rijiyar da ya haƙa, duk inda ƙasa ta canza, sai ya ɗebi kaɗan ya ƙulle a tsumma, sannan ya yi wa jelar tsumman ƙulli daidai da yawan gabar zurfin da ya kai. Jar ƙasa a gaba biyu, ƙulli biyu. Marmara a gaba biyar, ƙulli biyar. Yumɓun da yake gab da ruwa a gaba tara, ƙulli tara. Yana tara su a wani kwando a ƙarƙashin gado. In aka kira shi aiki kusa da inda ya taɓa haƙa, sai ya jawo kwandon, ya kwance tsumma, ya murza, ya sansana, wani lokacin har ya ɗanɗana, ya ce wa mai gida, "Za mu sha wahalar marmara a gaba shida, amma ruwanka yana gaba takwas." Kuma haka za a tarar. Littafinsa ke nan. Na sha yi masa mitar ya cinye mini tsummokin goge tukunya.

'Yan shekaru kafin Turawa su tafi, aka ɗauke shi cikin masu haƙa rijiyoyin siminti a can arewa maso gabas, ƙasar yashi, inda ya ce mutum zai yini a kan jaki kafin ya ga ruwa. Rani guda ya yi a can. Ya dawo ana gab da saukar damina, ya rame, yana wani ɗan tari. Na kawo masa ruwa, ko karɓa bai yi ba, ya hau kwance wani tsumma mai jela doguwa, ƙulli a kan ƙulli.

Ya ce, "Ke 'yar su, zo ki ga wani abu."

Haka yake kirana in yana cikin nishaɗi, wato 'yar masunta.

Ya ce sun yi ta haƙa, yashi, yashi, ja, fari, har gaba talatin. Can ƙasan sai ya tarar da wani yumɓu mai launin toka, mai sanyi, yana wari irin na bakin kogin garinmu. A cikinsa akwai gutsattsarin abu baƙi kamar ƙashi, da kuma waɗannan. Ya zazzage su a tafina. 'Yan duwatsu ne, sun fi ashirin, launin ruwan goro, da nauyi. Ya ce, "Na haƙa rijiyar da ban san iyakarta ba, ban taɓa ganin tsakuwa mai siffa ɗaya kamar an ƙera ta ba."

Na ɗauki ɗaya, na juya shi da farce. Sai na ga tsagar.

Na ce, "Malam, wannan ai dutsen kan kifi ne."

Ya yi dariya har tarin ya sarƙe shi. Ya ce, "Kifi? A garin da akuya take kukan ƙishirwa?"

Na ce, "Ka samo mini kan giwan ruwa."

Washegari ya shiga Kurmi ya samo kan banda guda. Na ɗora a kan dutsen niƙa, na sa wuƙa na fasa kamar yadda uwata ta koya mini, na zaro biyun. Na jera su a faifai kusa da nasa. Girma ɗaya, lanƙwasa ɗaya, tsaga ɗaya. Wannan fari, wancan ya rine, shi ke nan bambancin.

Ya ɗauki ɗaya nasa, ɗaya nawa, ya haɗa su a tafinsa. Sannan ya ce, "Allahu akbar. Ashe fadama ce a wurin. Kifi ya yi iyo a inda raƙumi yake tafiya yanzu, har Allah ya rufe shi da ƙasa gaba talatin." Ya dube ni ya ce, "Shekara nawa ke nan?" Na ce, "Ni ina zan sani, ni da ban san shekaruna ba?"

Muka zauna a tsakar gida da hantsi ina ware masa su. Wannan na dama ne, wannan na hagu. Waɗannan manyan dangin giwan ruwa ne. Waɗannan masu kumburi sun yi kama da na masu gashin baki, irin su tarwaɗa. Akwai guda uku da na ce masa ban taɓa ganin kifinsu ba, ko a kogin garinmu babu. Ya yi ta kallona kamar yau aka kawo ni. Duk zaman aurenmu ban taɓa jin daɗi irin na wannan hantsin ba. Ya zuba su a wata 'yar batta ta fata. Ni kuwa na farkon da na ɗauka na ce nawa ne, ladan karatu. Na jefa shi a tandun kwallina.

Da ya bar abin a tsakaninmu, da yanzu ba na zaune ina ba ki wannan labarin. Amma farin ciki ya hana shi. Bayan la'asar ya ɗauki battar ya fita dakalin ƙofar gida, inda maza suke zama. Na lallaɓa na tsaya bayan asabarin zaure, don in ji yadda za su yi mamaki.

Wani mahauci, maƙwabcinmu, mai babbar murya, shi ya fara. Ya ce, "Kifi a gindin rijiya? To ina rabonmu? Ka kawo mu gasa mana!"

Kakanki ya ce, "Ba kifin ba ne, dutsen kunnensa ne."

"Au, kifi kunne gare shi? To ɗankunne fa, ka tarar?"

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Wai wa ya gaya maka haka?"

Ya ce, "Mai ɗakina. 'Yar masunta ce, ta san su."

Nan ne dariyar ta fi ƙarfi. Har da masu buga ƙafa. Sai na ji muryar Yaya, shi ba dariya yake ba. Ya ce, "Yanzu mace ce take ba ka karatu? Tashi ka shiga ciki, kana ba mu kunya."

Ya ce, "Yaya, bari in ɗauko kan kifin ku gani da idonku."

"Kada ka kuskura ka kawo mana ƙarni ƙofar masallaci."

Daga ranar suka sa masa Masuncin Tudu. In ya wuce da igiyarsa a kafaɗa sai mahauci ya ɗaga murya, "Masuncin Tudu, yau an kama?" Yana murmushi ya wuce. Tsokana ba ta kashe mutum. Da a nan ta tsaya da na yafe.

Damina ta sauka, laima ta shiga ɗakinmu. Wata rana da aka samu rana, ya fito da kwandon ya shanya tsummokinsa a kan tabarma. Sai ga Yaya ya shigo sashenmu neman tsani. Ya tsaya turus. Tabarma cike da tsummoki, kowanne da ƙasa a ciki, kowanne da ƙulle-ƙulle a jela, ga battar duwatsu a gefe a buɗe.

Ya ce, "Mene ne wannan?"

Kakanki, Allah sarki, da alfaharinsa ya ɗaga ɗaya ya ce, "Wannan ƙasar gidan mahauci ce. Wannan ta gidan liman. Wannan ta gidan surukanka."

Ke 'yar garin nan ce, kin san abin da ake nufi in an ce mutum yana ɗibar ƙasar gidajen mutane yana ƙullewa. Ma'ana ɗaya gare shi a wurinmu. Yaya ya ɗauki na gidan liman da yatsa biyu, ya dube shi, ya sake shi ya faɗi. Bai ce me ya sa ba. Bai ce ƙullin na mene ne ba. Ƙaninsa ne, nono ɗaya suka sha, tambaya ɗaya ta ishe shi. Ya fita yana salati, ya bar tsanin.

Kada ki zaci gado suke rigima a kai, ko wata tsohuwar gaba. Babu. Tsoro ne kawai. Tsoron kada a ce gidan mai jan salla ne ake wannan abu. Sai ya riga kowa faɗa, don a san shi ba ya ciki. Ya sayar da ƙaninsa don ya riƙe wurinsa a sahun gaba. Ki rubuta haka, kada ki sassauta.

Kafin mako ya zagayo maganar ta gama Dala. Wai aljanun gindin rijiya ne suka ba shi duwatsun. Wai da su yake duba ya san inda ruwa yake, in ba haka ba yaya mutum zai faɗi gaba takwas a tarar gaba takwas? Wai ƙasar gidajen ya ƙulle ne don kada kowa ya iya kiran wani mahaƙi sai shi. Gwanintar da suke yaba masa shekara ashirin, ita ce ta koma shaida a kansa. A cikin daminar rijiyar mahauci ta yi zartsi. Rabin rijiyoyin birni zartsi gare su tun kafin a haifi kakan mahauci, amma ranar sai aka ce an san wanda ya yashe ta bara.

Kira ya tsaya cak. Aka koma ɗauko wani mahaƙi daga Yakasai. Matan da suke shigowa ɗibar wuta a murhuna da safe suka daina, suka gwammace su zagaya har gida na uku. Wata ta aiko a karɓar mata rariyarta da ta ara mini, aka ce da ta karɓa sai da ta wanke ta sau bakwai.

Na roƙe shi. Na ce, "Malam, ka bar ni in tsaya bayan asabari, a kawo kan kifi, in fasa a gabansu. Ka kwance tsumma ɗaya ka ƙirga musu ƙullin, a zura igiya a rijiyar a gani."

Ya ce, "Matata ba za ta tsaya gaban maza tana rantsuwa a kaina ba. Wanda ya san ni ya san ni."

Shi ma ina fushi da shi, Allah ya ji ƙansa. Har yau ina fushi da shi. Wa ya san shi? Wansa ma bai san shi ba.

Da na ga abin ya ƙi ƙarewa na ce to mu zubar da su mu huta. Ya yi mini wani irin kallo. Ya ce, "Ranar da kwandon nan ya fita daga ɗakin nan, na amsa ke nan. Ƙasa ce da dutsen kifi. Ba za su fita ba."

Ki riƙe wannan maganar, za ki ji inda ta dawo.

Shekara biyu muka yi a haka. Mutumin da yake faɗar inda ruwa yake tun ba a sa dagi ba, ya koma haƙar ƙasar gini a kududdufi yana cika wa masu jakai mangala. Tarin da ya dawo da shi daga ƙasar yashi ya yi ta cinsa. Wata safiya da kaka, rana ta ɗan ɗaga, ya ce in gyara masa matashi. Ina gyarawa ya cika.

Dakata. Bar ni in sha ruwa.

Kin san ba a jinkirta gawa. Aka yi masa wanka, aka sa shi a likkafani, makara tana jingine a zaure. Ina zaune a ƙuryar ɗaki, tsofaffin mata sun kewaye ni, uwarki da ƙanwarta suna jikina. Sai na ji takun Yaya ya tsaya a bakin ƙofa. Bai shigo ba.

Ya ce, "Mutane suna waje. Sun ce ba za su yi sahu ba sai an fitar da kayan nan daga ɗakinsa."

Na ce, "Yaya, ƙasa ce."

Ya ce, "Na san ƙasa ce. Ƙasar gidajen mutane."

Rana tana ta hawa. Gawa tana kwance a tsakar gida, ƙuda ya fara zagayawa. Tsofaffin nan suka sa ni a gaba. Wannan ta ce ki ba shi mana, 'yar nan. Waccan ta ce so kike a kai shi ba salla kamar mushe? Wata ta ce ki tausaya wa 'ya'yanki. Na dubi ƙafafunsa a cikin farin ƙyalle. Na tuna abin da ya gaya mini, wallahi na tuna, ban manta ba ko kalma ɗaya. Amma na sunkuya na jawo kwandon daga ƙarƙashin gado, na ɗora battar a kai, na tura shi bakin ƙofa.

Da Yaya yana da imani, da ya zagaya ta ƙofar baya. Bai yi ba. Ya naɗe hannunsa da gefen riga, ya ɗaga kwandon nesa da jikinsa, ya bi ta zaure, ya ratsa ta tsakiyar mutane. Daga ɗaki na ji salatin da suka ɗauka gaba ɗaya. Ya kai kududdufin bayan unguwa ya watsa. Aikin shekara ashirin, da kifin da Allah ya ɓoye gaba talatin a ƙasa, suka nutse a ruwan da ake zubar da shara.

Sannan suka sallace shi, kamar alfarma suka yi masa. Masu zuwa gaisuwa ba sa cewa mutumin kirki ne. Cewa suke, "Allah ya sa ya tuba kafin ya cika." A tsakar gida na ji wata tana raɗa wa wata, "Ai gaskiya ne, matar ce ma ta fito da su da hannunta."

Na shiga takaba. Ba kwalliya, ba fita, ba ɗaga murya. Wata rana ina tattara kayan kwalliyar da zan ajiye, na girgiza tandun kwalli, na ji abu yana ƙara a ciki. Na zazzage. Ga shi, ya yi baƙi da kwalli. Na goge shi da bakin zanena, na ga tsagar. A nan na san abin da zan yi.

Yayana, wanda muke ciki ɗaya, ya zo gaisuwa daga bakin kogi. Na ce masa in zai dawo sadakar arba'in, kada ya kawo mini gero, kada ya kawo komai sai kawunan giwan ruwa, banda, manya. Ya dube ni, bai tambaya ba. Ya kawo kwando guda.

A unguwarmu waina ake yi ranar arba'in, matar Yaya ta riga ta jiƙa shinkafa. Na bar su da wainarsu. Na hura wutata daban. Mata suka ce mai takaba ba ta tsayawa kan murhu. Na ce mijina ne. Na yi tuwo, na yi miyar kuka da kan kifi, na zuba daddawa da yaji yadda maza suke so. Kuma tunda uwata ta haife ni, ranar ce kaɗai da gangan na jefa kan kifi a miya ban cire duwatsun ba. Na tsaga kowane kai yadda mai ci zai kai gare su. Na zuba mafi girma a akushin da za a ajiye gaban liman da Yaya da mahauci. Yayana ya ɗauka ya kai zaure. Na ba shi nawa dutsen ya riƙe.

Na tsaya bayan asabarin nan dai, inda na tsaya ranar da suka yi dariya. Ina jin su suna ci, suna tsotsar ƙashi, mahauci yana cewa rabonsa da miya irin wannan tun yana saurayi. Can sai na ji ƙas! Ya ce, "Kai! Tsakuwa a miya? Haƙorina!" Ya tofa a hannu. Liman ma ya ce shi ma ga ɗaya.

Na buɗe bakina. Na ce, "Ba tsakuwa ba ce. Ku dubi tafin hannunku."

Duk suka juyo wajen asabarin. Ba su taɓa jin muryata ba.

Yayana ya ajiye tsohon dutsen a kan faifai. Ya ce, "Kowane kifi yana da su. A garinmu wasa ake yi da su a bakin ruwa. Wannan da kuke gani shi ne wanda marigayi ya haƙo."

Ta tsakanin karan asabari na ga liman ya ɗauki biyun, ya kai su kusa da idonsa, ya juya, ya sake juyawa. Ya ce, "Iri ɗaya ne." Mahauci ya ce, "Ikon Allah," a hankali, kamar ba shi ne mai babbar muryar nan ba.

Liman ya ce, "To tsummokin fa?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, rijiyar gidanka gaba nawa ce?"

Ya ce, "Tara."

Na ce, "Tsumman gidanka ƙulli tara ne. Zurfin yake ƙirgawa, don ba ya rubutu. Yaya ya riƙe shi a hannunsa. A tambaye shi ko ya ƙirga."

Ba wanda ya tambaye shi. Kuma ba tsumman da za a kawo, ni na tura shi bakin ƙofa.

Na ce, "Yaya." Na ƙara ɗaga murya. "A gaban mutane ka fitar da kwandon. A gaban mutane za ka faɗi abin da ka gani yau."

Ina ganinsa. Dutsen yana hannunsa, fari, da miya a jiki. Ya gane. Na rantse da wanda raina yake hannunsa ya gane, na ga fuskarsa. Ya goge shi da yatsa, ya ajiye a gefen akushi. Ya ce, "Mai takaba ba ta ɗaga murya. Koma ciki." Sannan ya juya ya ce, "Malam, a yi fatiha."

Aka yi fatiha. Suka wanke hannu. Suka tashi.

Na jira Juma'a. Na jira wata Juma'ar. Na ce ko liman zai miƙe bayan salla ya ce jama'a mun zalunci bawan Allah. Bai yi ba. Mahauci ya aiko mini da cinyar rago, na ce a mayar masa, ba nama na nema ba. Mutum goma sha wani abu ne suka ci miyar nan, kowannensu ya ga abin da ya gani, kowannensu ya koma gida ya rufe baki, don faɗa yana nufin su ma su amsa nasu. Waɗanda suka yi imani da ƙaryar tun farko, jahilci ne, ina iya ɗaga musu ƙafa. Waɗanda suka ga gaskiya a tafin hannunsu suka wanke ta da ruwan wanke hannu, su ne ban yafe wa ba.

Yaya ya ƙara shekara talatin a duniya. Ya je Makka, ya dawo, bai bar sahun gaba ba. Da ciwon ajali ya kama shi ya aiko matarsa, wai in yafe masa duk abin da ya yi mini. Na ce ba ni ya yi wa ba. Na ce a tambaye shi wane abu, ya faɗe shi da bakinsa, ko mutum biyu ne a ɗakin. Ta je ta dawo ta ce wai ya ce ai na sani. Na ce to shi ma ya sani. Ban je ba. Malamai suna cewa in sassauta, na kusa kabari. Na ji. Ni da Allah ne.

Kuma sunan bai mutu ba. Bara a wani gidan suna na ji wata tana nuna uwarki tana cewa 'yar gidan Masuncin Tudu ce, wanda aka fitar wa kayan tsafi ranar jana'iza. Yarinyar da ta faɗa ba a haifi uwarta ba lokacin.

Ke malamar makaranta ce, kin gaya mini a littattafanku an ce ƙasar yashin nan da can ruwa ce, da kifi da komai, kuma akwai masu ilimin da aikinsu ke nan, duba irin waɗannan duwatsun su faɗi wane kifi ne. Na ji daɗi, amma ban yi mamaki ba. Ni na faɗa tun ina da haƙorana, a kan faifai, ba littafi.

Miƙo hannunki. Ga shi. Juya shi, sa farce, kin ji tsagar? Na dama ne.

In kin gama ki kwafe rubutun da kyau. Gobe bayan la'asar za ki kama hannuna mu fita ƙofar gida. Dakalin yana nan, 'ya'yansu da jikokinsu ne a kai. Ki tsaya ki karanta musu tun daga farko, da ƙarfi, har inda na tura kwandon, kada ki tsallake nawa laifin. Asabarin ya daɗe da ruɓewa, kuma ko yana nan ba a bayansa zan tsaya ba.